Sawun Moton Proje

Shekara biyu na yi ina aiki da wani proje a Mayahi, kuma har yau idan na ji ana yabon aikin a wurin taro sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina neman wani abu cikin jaka. Wasu mutane ne daga nesa suka ba da kuɗi don a taimaki matan ƙauye da ake duka a gidan aure, da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da waɗanda wani namiji ya sa a gaba yana bibiyarsu ya hana su sakat. Da kuɗin aka kama mana ɗaki biyu bayan kasuwa, aka sa tebur da kujeru, aka kuma sayo mini moto, wato babur. Ni ce mai fita ƙauyuka. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, mutum mai sanyin hali da tulin takardu, shi ke zama a biro, wato ofis ɗinmu.

Moton nan na so shi fiye da kima, gara in faɗi gaskiya. Dogo ne, fari, an yi shi don daji, tayoyinsa da manyan haƙora, ba irin ƙananan da ƴan kabu-kabu ke fama da su cikin rairayi ba. Idan na wuce tasha suna yi mini tsiya wai raƙumin Madam ya fito, ni ma ba na barin su ba amsa, don bakina bai taɓa yin nauyi ba. Na ɗauka na fi kowa sanin hanyoyin yankin, tun daga Korgom har arewacin Issawane.

Aikin yana da doka guda da ba a wasa da ita. Kowace mace da ta kawo kuka tana da takardarta, kuma sau biyu a wata sai na je na gan ta, na rubuta halin da take ciki, ta dangwala yatsa a ƙasa. Masu ba da kuɗin suna son shaida cewa matan suna nan kuma ana zuwa wurinsu. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani sosai ba. Wanda ya tsara takardar dai bai taɓa zama a garin da kowa ya san inda kowa ya kwana ba.

Wata ranar kasuwa wata mace ta shigo biro da naɗin tabarmi a ka da ƴar yarinya a hannu. Saƙar tabarmar kaba ce sana'arta, ita da mahaifiyarta. Ta ajiye kayan da hannun hagu kawai, na lura na dama ba ya miƙewa sosai. Ta ce tsohon mijinta ne ya karya shi, an ɗora, ya warke a haka. Aure ya mutu gaban mai gari, ta gama idda, ta koma gidan uwarta. Ta yi zaton shi ke nan.

Mutumin bai sake taɓa ta ba, kuma abin da ya sa aka kasa gane kukanta ke nan. Idan ta tafi rijiya sai ta same shi tsaye nesa kaɗan yana kallo. Idan ta baza tabarmi a kasuwa sai ya zauna a rumfar da ke fuskantarta har ta naɗe. Da safe uwarta kan ga sawun takalminsa ya kewaye dangar gida. Da suka kai ƙara sai dattawa suka ce biko ne, namiji da ke neman matarsa ta koma ɗakinta ai ba abin kunya ya yi ba, ta ma gode yana sonta. An kira shi an ja masa kunne, ya rantse ko magana bai yi mata ba. Ita kuwa ta ce sau ɗaya ya yi, a bakin rijiya da ba kowa kusa, ya ce mata ko ƙasa ta shige sai ya tono ta, kuma a wannan karo ba hannu zai karya ba.

Na tambaye ta sana'arsa don in cika takarda. Ta ce dillalin dabbobi ne, amma abin da aka fi saninsa da shi bin sawu, idan akuya ko saniya ta ɓace shi ake kira, ya bi ta ko kwana biyu ne har ya gano inda aka kai ta. Na rubuta da hannuna, na rufe takardar, na sa a durowa.

Mahaifiyarta ce ta nemo mafita. Tana da wata tsohuwar aminiya Bafulatana da suka yi shekaru suna musayar tabarma da nono a kasuwa, rugarsu tana can arewa da Issawane, inda gonaki ke ƙarewa. Ba dangi ba ce, don haka ba wanda zai yi tunanin can. Wata ranar kasuwa bayan la'asar mai tabarma ta hau amalanken matan ruga, ta zauna tsakiyarsu da lulluɓi, yarinyar a cinya, suka tafi. Ta bar salularta a gida don ya san lambar. Mu biyu kaɗai muka san wurin a wajen rugar, ni da uwarta, kuma muka yi alkawari ba mai zuwa.

Mako biyar aka yi lafiya. Ni dai ina ganin mutumin a kasuwa yana ta kewaya layin masu tabarma, ya rame, idonsa ya faɗa. Duk ganin da zan yi masa sai in ji daɗi a raina, in ce ga gwanin bin sawu an bar shi da ƙasa a hannu.

Sai shef ya kira ni ya ce masu ba da kuɗin za su aiko a duba aiki kafin su yarda a ci gaba, kuma takardar mai tabarma ba dangwale ko ɗaya tun ranar da ta tafi. Na ce masa matar a ɓoye take, rashin zuwana shi ne taimakon. Ya ce ya gane, amma wanda zai zo daga nesa ba zai ga ɓoyo ba, gurbi kawai zai gani, kuma labarinta shi ne mafi ƙarfi a duk abin da muke da shi. Idan kuɗin ya tsaya, sauran matan da ke zuwa ɗakin nan fa? Na yi masa ƴar gardama, na ɗaga murya kamar yadda na saba. Amma ban daɗe ba na sauko, domin abincina ma a nan yake, kuma ina son in je in ga aikin hannuna, a gode mini.

A makon ne yayar mutumin ta zo biro. Dattijuwa ce mai fara'a, na san ta a kasuwa tana sayar da daddawa. Ta zauna muka gaisa, ta tambayi gida da aiki da damina, ta yi addu'a ga iyayena. Ba ta ambaci ƙanenta ba ko sau ɗaya. Da za ta tashi sai ta ciro wani ƙunshi daga cikin zane ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ɗiyata, ɗan takalmi ne da riga na yarinyar. In kin samu mai tahiya wajensu, ki ba shi."

Na karɓa. Hannuna ne ya karɓa kafin kaina ya farka. A wurinmu ba a ƙin saƙo. Duk mai abin hawa ɗan aike ne, ko ya so ko bai so ba, kuma ni kullum bayan motona cike yake da ƙullin magani da goro da wasiƙun mutane. Sai da ƙunshin ya zauna a cinyata na ga abin da na yi. Na yi sauri na ce ai ni ban san inda suke ba. Ta yi murmushi ta ce ba komai, in ajiye dai, Allah zai kawo mai zuwa. Ta fita ta bar ni da kayan.

Hankali ya ce in fasa tafiyar. Ni kuwa sai na ce zan yi dabara. Na bar kwana huɗu suka wuce, ban faɗa wa kowa ranar ba, ko shef. Ranar da zan tafi an kwana ana ruwa, na yi murna don rairayi ya kwanta, moto ba zai sha wahala ba. Na fita da sassafe na kama hanyar Tessaoua don duk mai kallo ya ga kudu na nufa. Sai da na yi nisa na saki babbar hanya, na yanki daji ta bayan gonaki, na kewayo arewa. Ina tafe ina waiwaye, ba kowa bayana sai manoma sunkuye cikin hatsi. Har waƙa na yi a hanya.

Na isa rugar da hantsi. Bukkoki ne kamar shida da garke a gefe. Mai tabarma ta fito daga wata bukka, na kusa in kasa gane ta, ta yi ƙiba, fuskarta ta washe, yarinyar tana gudu tsakanin maruƙa. Ta yi murna da ganina, ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana tambayar uwarta. Ta ce a nan ne ta fara barci har gari ya waye ba ta farka ba. Na ciro takarda da tawada ta dangwala, sannan na ba ta ƙunshin, na faɗa mata wadda ta kawo. Ba ta taɓa shi ba. Ta dube shi a kan tabarma, ta dube ni, murnar ta bar fuskarta.

Mijin Bafulatanar, wani tsoho siriri da sanda a kafaɗa, ya zo muka gaisa. Maimakon ya zauna sai ya wuce wurin moton, ya tsaya yana kallon ƙasa, ya bi layin da tayar ta zana da ido har inda ya ɓace cikin sabara.

"Ɗiyata, da wanga kika zo?"

Na ce da shi, Baffa, amma na kewaya sosai, ba wanda ya gan ni. Ya ce ba sai an gan ni ba. A duk ƙasar nan abin hawa ɗaya ne ke da wannan ƙafa, kuma bayan ruwa ko makaho ya shafa da hannu zai bi ta har ƙofar bukkarsa. Ya faɗa ba tare da faɗa ba, kamar mai gaya mini farashin gero. A lokacin na tuna abin da na rubuta da hannuna na sa a durowa. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ni.

Na ce bari in koma in duba hanya. Ban yi tafiyar rabin awa ba na hango tsohon mijin mai tabarma. Yana kan ɗan ƙaramin moto, yana tafe a hankali, ƙafafunsa suna jan ƙasa, kansa a sunkuye. Duk kewayen da na yi ya bi shi, bai yanke ko lanƙwasa ɗaya ba. Da muka yi kusa ya tsaya ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gajiya.

"Madam, saƙo ya isa?"

Na ce ban san saƙon da yake magana ba, aiki na je yi. Ya ce to, Allah shi taimaka, ya tada motonsa ya ci gaba da bin layin tayata, bai ko ƙara sauri ba. Ba shi da dalilin sauri. Na juya na wuce shi a guje, na ba moton wuta irin wadda ban taɓa ba shi ba, ƙaya tana yagar zanena. Amfanin da girmansa ya yi mini ke nan ranar, ya sa na riga mutumin isa da ɗan lokaci.

Tun kafin in kashe moton na ce yana tafe. Samarin rugar duk sun fita da manyan shanu, saura tsohon da mata da wasu shanu kamar ashirin da ba a kai rijiya ba tukuna. Ba wanda ya yi ihu. Tsohon ya yi wa matarsa magana da Fulatanci, gajeruwa. Nan take wasu mata biyu suka kwance shanun. Mai tabarma ta goya yarinyar, ta cire takalmanta ta cusa cikin zane, aka yafa mata baƙin mayafi irin nasu. Za ta shiga gaban garken ne, shanun su biyo bayanta su tattake duk inda ta taka.

Na matsa kusa da ita, na ce ta yafe mini. Na ce ta gaya mini inda za ta nufa don in san yadda zan taimaka.

"Madam, kin yi mini alheri, ban manta ba. Amma ba ni hwaɗa miki."

Ta juya ta shiga cikin shanun. Ina tsaye ina kallo har na kasa bambanta ta da sauran matan, suka gangara wani kwari suka ɓace.

Da mutumin ya iso, tsohon ya tarbe shi kamar baƙon da aka daɗe ana jira. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ya zaunar da shi, ya shiga gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi iyaye, ya tambayi kasuwar dabbobi, ya tambayi ruwan kudu, da ya kai ƙarshe sai ya sake farowa. Aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Mutumin dillali ne, da Fulani yake cin abinci, ya san idan ya tashi ya bar ƙwaryar dattijo bai sha ba, ba ruga ɗaya da za ta ƙara sayar masa da ko ɗan akuya. Ya zauna yana sha, idonsa yana yawo a tsakar rugar. Ni ma aka miƙo mini ludayi. Ina zaune muna fuskantar juna.

Ya ce wa tsohon yana neman iyalinsa ne. Tsohon ya ce mata da yawa suna wucewa nan, masu tallar tabarma da masu neman nono, shi ba ya tambayar mace ko ta wa ce. Mutumin ya gyaɗa kai. Sai ya miƙa hannu gefen tabarmar da yake zaune, inda ƙasa ke da laima, ya buɗe yatsu biyu ya auna wani ɗan ƙaramin sawu da ba wanda ya lura da shi. Ya ɗago ya dube ni.

"Ta girma. Takalman nan ba su shigarta."

Na so in zage shi, na so in watsa masa furar a fuska, amma na san duk minti ɗaya da ya ƙara a zaune tafiya ce gare ta. Na haɗiye. Na ma buɗe baki na tambaye shi farashin tumaki, ya amsa mini dalla-dalla. Da aka yi azahar tsohon ya ce ai baƙo ba ya tafiya bai yi salla ba, suka yi tare, ya kuma ja doguwar addu'a.

Sai wajen la'asar ya samu ya tashi. Ya kewaya rugar sau biyu a ƙafa, ba wanda ya hana shi. Ya tsaya inda garken ya fita, ya daɗe yana kallon ƙasar da kofato ya dagargaza, ya bi ta har bakin kwarin. A rijiyar da ke can garke huɗu ko biyar ke haɗuwa kullum, kowanne ya kama gabansa. Ya dawo ya yi wa tsohon godiya, ya hau motonsa. Ƙunshin yana nan kan tabarma inda ta bar shi, ya gan shi, bai ɗauka ba.

Da zan tafi tsohon ya rako ni har wurin moton. Ya ce in gaida gida, kuma don Allah kada in sake zuwa, ko da alheri ne. Na ce to, Baffa. Na koma Mayahi ta miƙaƙƙiyar hanya, ba sauran abin da zan ɓoye.

Takardar ta cika, da dangwalenta a ƙasa. Masu dubawa suka zo suka ga komai daidai, aka ci gaba da aikin, shef ya yi mini barka a gaban mutane. Na gaya masa abin da ya faru, daga baya muka roƙa aka sassauta dokar ga matan da ke ɓoye. Mata da yawa sun amfana da ɗakin nan bayan haka, ba zan ce ba su amfana ba. Mutumin ya ci gaba da zuwa kasuwa yana dillancinsa, idan mun haɗu ya gaishe ni.

Mahaifiyar mai tabarma na yi ta gudu. Idan na hango layin masu tabarma sai in sauya hanya. Sai bayan kaka, da na ga abin ya ishe ni, na je na durƙusa gabanta na gaishe ta. Ta amsa, tana ta gyara bakin wata tabarma da wuƙa, ba ta ɗago ba. Na rage murya na ce ba wurin nake tambaya ba, Inna, ba na so ma in sani. Ina so kawai in ji ko suna lafiya.

Ta ajiye wuƙar ta dube ni. Ta tsufa sosai a ƴan watannin nan.

"Da can na san inda ɗiyata take kwana, Madam. Yanzu ni ma ba ta hwaɗa mini ba."

Wata mata ta tsaya tana taya tabarma, ta juya wurinta, ni kuma na tashi na ba su wuri.